Yadda ake shirya wa'azi da sujadar Lahadi a ƙaramin cocin zango a Accra

Wannan bayani na rubuta shi ne domin 'yan'uwa da aka ɗora wa nauyin ƙaramin coci a unguwanninmu na zango, Nima, Maamobi, Sabon Zango, Madina, har can Ashaiman, wato irin cocin da mutum talatin zuwa sittin ke taruwa a ajin makaranta ko a wani shago da aka kama haya, babu babban fasto kullum, babu albashi, daga kai sai dattijo ɗaya ko biyu da shugabar zumuntar mata. A ƙidayar 2021 Kiristoci sun ɗan haura kashi 71 cikin ɗari na mutanen Ghana, amma wannan lissafin ƙasa ne baki ɗaya, da zarar ka shigo zango labari ya juya, mu ne 'yan kaɗan, maƙwabcin dama Musulmi na hagu Musulmi, mai gidan da ya ba mu haya ma sau da yawa Alhaji ne. Saboda haka abin da ake yi a manyan coci na bakin titi masu dubban kujeru ba zai zauna mana ba, wanda kuma ya ce sai ya kwaikwayi abin da yake gani a talabijin zai gajiyar da mutanensa ya kuma ɓata da maƙwabta. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, mutanen da za su zauna gabanka ran Lahadi gajiyayyu ne, kuma yawancinsu ba Hausa suka sha a nono ba, in ba su gane abin da ka faɗa ba toh ba ka yi wa'azi ba, ko da kuwa ka jiƙe riga sharkaf da gumi.

Ka fara sanin su wa kake yi wa magana

Kafin ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka nemi aya, ɗauki littafin rubutu ka jera sunayen mutanenka, kowa da yarensa da sana'arsa da inda yake kwana. Zaka ga akwai Kusasi daga wajen Bawku, Frafra daga Bolga, Bulsa daga Sandema, Sisala daga Tumu, Dagaba, Busanga, wani daga Burkina, wani daga Nijar ko arewacin Togo, sai kuma 'yan Najeriya daga Kaduna ko Jos ko Adamawa waɗanda su kam tun suna yara da Hausa suke sujada. Hausa ce ta haɗa su, amma Hausar kasuwa ce da ta tsakar gidan haya, ba ta littafi ba, yaransu kuma da aka haifa a nan sun fi sakewa da Twi da Turanci da buroka, wato Turancin kan titi. Wannan ba sabuwar matsala ba ce, cocin Presby, wato Presbyterian, ma tun ƙarshen shekarun 1980 ya kafa shiri na musamman don 'yan arewa da ke zaune a biranen kudu, saboda an lura suna shiga cocin Twi da na Ga su zauna a baya su fita ba su ƙaru da komai ba.

Sana'a kuma ita za ta faɗa maka lokacin sujada. Maigadi ya kwana a tsaye, sai shida ko bakwai na safe zai sauka. Mai saida koko da ƙosai ko wake da shinkafa ta tashi tun kafin asuba. 'Yan kayayo da ke ɗaukar kaya a Makola da Agbogbloshie ranar Lahadi ce kawai suke samun wanki da kitso da ɗan barci. 'Yar aikin gida sai uwar ɗakinta ta ba ta izini kuma an yanka mata lokacin dawowa. Masu albasa kuwa tun da aka tashe su zuwa Adjen Kotoku da ke bayan gari a 2021 kuɗin torotoro, wato motar haya, ya ƙaru musu sosai. In ka duba duk wannan zaka ga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya da rabi shi ya fi dacewa da yawancin wurare, amma kada ka yanke kai kaɗai, ka tambaye su, in an tsayar kuma a riƙe shi, ko mutum biyar ne suka zo a fara.

Litinin zuwa Laraba, zaɓen nassi da karatu

Ran Litinin za ka zaɓi wurin nassi da za ka yi wa'azi a kai, ba daren Asabar ba. Shawarata ita ce ka ɗauki littafi guda ka bi shi daki-daki, Markus surori 16 ne, Yaƙub 5, Rut 4, Yunusa 4, duk sun dace da mai farawa. Dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan yana da nauyi. A ƙaramin coci kowa ya san sirrin kowa, an san wanda ya yi faɗa da matarsa ran Alhamis, an san wadda ta ci bashi ba ta biya ba, toh in ka tashi ran Lahadi ka buɗe aya a kan bashi, ko ba ita kake nufi ba kowa zai juya ya kalle ta, ita kuma za ta ɗauka habaici ne, mako mai zuwa kujerarta babu kowa. Amma in kowa ya san muna cikin Yaƙub ne, makon jiya sura 2 yau sura 3 a kan harshe, ba wanda zai ce da shi ake. In kana da magana da mutum ka same shi a gida kai da dattijo, bagade ba wurin rama gayya ba ne.

Ka karanta wurin da babbar murya, sau da yawa, a rana dabam-dabam. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka sake wata fassara wajen ƙarshen shekarun 1970, akwai kuma sababbi da zaka samu kyauta a manhajar YouVersion a waya, ka gwada biyu ko uku ka ga wadda ta fi sauƙin shiga kunnen mutanenka. In kana jin Turanci ko Twi ka duba su ma. Yarukan arewa da dama kamar Kusaal da Dagbani da Buli suna da nasu fassarar, galibi ta aikin cibiyar nazarin harsuna da fassarar Littafi Mai Tsarki ta GILLBT da ke Tamale da kuma ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Ghana, don haka ka nemi wanda ya iya karatun yarensa ya karanta maka ya gaya maka yadda abin ya fito a kunnensa. Duk kalmar da ka san ba a jinta a kasuwar Nima ka ja mata layi, irin su baratarwa, tsarkakewa, kafara, ba cewa nake a jefar da su ba, a'a, amma ka shirya yadda za ka warware kowace da magana mai sauƙi. Hanya mafi kyau ita ce ka gwada a kan wata dattijuwa a cikin ikkilisiya wadda ba ta yi boko ba, ka yi mata bayani ka ce Mama ki maimaita mini da bakinki, abin da ta maimaita shi ne abin da jama'a za su ji. Haka aka yi a zamanin Ezra, Nehemiya 8:8 ta ce an karanta a fili aka kuma ba da ma'ana har mutane suka fahimta.

Daga nan sai abu mafi wuya, ka matse dukkan wurin ya koma magana guda ɗaya wadda za ka iya faɗa da numfashi ɗaya. In ba ka iya ba toh ba ka gama shiri ba, ka ci gaba da karatu da addu'a. Bari in ba ka misali da Rut sura 2. Maganar ɗaya za ta iya zama haka: Allah yana ganin baƙon da ke neman abinci a ƙasar da ba tasa ba, kuma ta hannun mutane yake taimakonsa. Sai ka gina a kai. Da farko ka ba da labarin kamar yadda ake ba da labari a gida, gwauruwa daga Mowab ta biyo surukarta Na'omi zuwa Baitalami, ba gona ba miji ba dangi, ta fita kala a bayan masu girbin sha'ir tun safe. Sannan ka nuna cewa kalan nan ba bara ba ne, doka ce Allah ya kafa a Littafin Firistoci 19:9-10 cewa mai gona kada ya girbe har gefe-gefe, ya bar wa matalauci da baƙo. Sannan Bo'aza mai gonar, wanda ya gargaɗi samarinsa kada su taɓa ta, ya ce ta sha ruwa daga tulunansu, ya kira ta cin abinci. Duk yarinyar da ta taɓa kwana a barandar shago a Accra ta san ma'anar wannan gargaɗin ba sai ka yi dogon bayani ba. A ƙarshe sai ka juyo kan waɗanda Allah ya ɗan buɗa wa a cikinmu, mai shago, ɗan kwangilar gini, mai 'yar aiki a gida, ka tambaye su wane gefe na gonarsu suka bari, ka ba su abu ɗaya da za su iya yi a wannan makon, misali biyan lebura kuɗinsa ranar da ya yi aiki. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka ce wa 'yan mata kowace za ta sami mai kuɗi ya aure ta kafin ƙarshen shekara in ta ba da baiko na musamman. Nassin bai faɗi haka ba, kuma ranar da alkawarin bai cika ba Allah za ta zarga, ba kai ba, wannan abu yana ci mini rai ƙwarai don na ga mutanen da suka bar bangaskiya ta wannan ƙofar.

Rubuta shi a takarda guda, gaba da baya, manyan kanu kawai da ayoyi. Wanda ya rubuta kowace kalma zai manna ido a takarda, wanda bai rubuta komai ba zai yi ta zagaye.

Alhamis da Juma'a ka fita

Zumunci a ƙafa yake. Ka ziyarci gida biyu ko uku, ko wurin sana'a in gida ba zai yiwu ba, ka zauna ka ji abin da ke damun mutane, kuɗin haya ne da mai gida ke neman na shekara biyu a dunƙule alhali doka wata shida ta ce, ko rashin lafiyar yaro, ko labarin rikici daga gida Bawku da ya hana mutum barci. Wannan zai gyara maka wa'azin da kansa, za ka san inda za ka sassauta murya. Amma abin da aka gaya maka a ɗaki ya tsaya a ɗaki, ko ka ɓoye suna za a gane, kada ka mai da shi misali.

Asabar, tafinta da wurin taro

In za a yi fassara zuwa Twi ko Turanci ko wani yare, ka zauna da tafinta ran Asabar ko da rabin awa ne, ka ba shi ayoyin ya nemo su a nasa littafin ya sa alama, ka gaya masa maganar nan ɗaya da kalmomin da ka ja wa layi ku yarda a kan yadda zai faɗe su. Ka yi gajerun jimloli, ka tsaya ya gama kafin ka ci gaba, shi kuma a roƙe shi kada ya ƙara nasa wa'azin a kai. Lissafin lokaci mai sauƙi ne, wa'azin minti 20 da tafinta ya zama 40, saboda haka in akwai fassara kada naka ya wuce 20, in babu 25 zuwa 30 ya isa. Bulus da kansa ya ce a 1 Korantiyawa 14:19 gara ya faɗi kalmomi biyar da za su koyar da mutane da ya faɗi dubu goma da ba a ganewa.

Wurin kuma a share shi tun Asabar da yamma, a jera benci ko kujerun roba, a duba ko akwai kuɗi a mitar wuta, a yi cajin lasifika da makirfo saboda dumso, wato ɗauke wuta, a tanadi jakar piya wata. In ajin makaranta ne a tabbata izinin a rubuce yake, don hukumomin ilimi sukan hana a wasu lokuta, kuma a mayar da tebura yadda aka same su, a goge allo. Watan Mayu da Yuni a duba kwata da rufi, wanda ya san abin da ruwan 3 ga Yuni 2015 ya yi a Accra ba zai ajiye kayan wuta da littattafai a ƙasa ba.

Maganar ƙara da maƙwabta

Nan zan daɗe kaɗan don nan ne yawancin ƙananan coci ke jawo wa kansu. Ɗakin da ke ɗaukar mutum hamsin ba ya bukatar lasifika huɗu, ƙarama ɗaya ta isa, a juya fuskarta ciki, kada a rataye komai a waje. A gidan haya na zango bango ɗaya ne tsakaninka da mai jego da tsoho mara lafiya da wanda ya kwana aiki. Kafin a fara taro a sabon wuri ku je ku gai da mai gida da mai unguwa ko sarkin zango da limamin masallacin kusa da asambuliman, wato kansilan unguwa, ku tafi da dattijo, ku ce ga mu ga lokutanmu, in mun dame ku ga lambar da za a kira. Ku san lokutan salla, kada a buɗe kiɗa daidai magariba ko lokacin huɗubar Juma'a, in azumi ya zo a rage taron dare. Addu'ar kwana in za a yi, ban da ta daren 31 ga Disamba da kowa ya sani, a sanar da maƙwabta tun da wuri kuma bayan goma na dare a kashe lasifika, Allah yana ji ba sai da makirfo ba.

Akwai kuma dokar sarakunan Ga, ƙabilar asalin Accra, ta hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikinsu na gargajiya Homowo, yawanci daga Mayu zuwa Yuni, hukumar birnin Accra takan sanar da ranakun kowace shekara. Ku saurari sanarwar ku ga ko ta shafi yankinku, in ta shafa a ajiye ganga a yi waƙa da baki a cikin ɗaki. An sha yin rigima a kan wannan a baya har da ƙwace kayan kiɗa, kuma ƙaramin coci ba shi da ƙarfin wannan rigimar, ba shi kuma da ribar da zai ci a ciki.

Sannan abin da ke fita daga bakinka. Ka sani duk abin da ka faɗa a ciki ana ji a waje, kuma da Hausa kake faɗa, harshen da duk unguwa ke ji. Ka yi shelar Yesu Almasihu a fili ba tare da kunya ba, mutuwarsa da tashinsa, wannan shi ne aikinka, amma kada ka zagi addinin kowa ko Annabinsu ko littafinsu, ko da wasa, kada kuma ka bar baƙon mai wa'azi ya yi. 1 Bitrus 3:15 ta ce mu ba da amsa ga mai tambaya amma da tawali'u da girmamawa, Irmiya 29:7 kuma ta ce a nemi zaman lafiyar birnin da ake baƙunci a ciki. Zaman da muke da shi a Ghana abu ne mai tsada, ka tuna a Ista ta 2019 babban limamin ƙasa Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya je cocin Katolika na Christ the King a nan Accra ya zauna cikin jama'a. Mutanenka da yawa 'yan uwansu na jini Musulmi ne, tukunya ɗaya suke ci, in ka ɓata ran unguwa kai za ka tafi gida, su ne za su kwana a ciki.

Ranar Lahadi kanta

Ka riga kowa zuwa, ku yi gajeriyar addu'a da masu hidima. Tsarin da na ga yana tafiya daidai shi ne, addu'ar buɗewa, waƙoƙin yabo kamar minti 20, karatun Zabura, addu'o'in roƙo, shaida, sanarwa da gaisuwar baƙi, waƙar zumuntar mata ko ta matasa, karatun nassi, wa'azi, baiko, albarka. Kowane coci da al'adarsa, in kuna ƙarƙashin Presby ko Methodist ko Baptist ko Assemblies of God ko Pentecost ku bi tsarin da aka ba ku, abin da ya fi muhimmanci shi ne wa'azi kada ya zo bayan mutane sun riga sun gaji. A wurare da yawa ana cinye awa biyu a waƙa da sanarwa, sai a miƙa wa mai wa'azi makirfo rana ta take, kwanon rufi ya ɗau zafi, yara suna kuka. Ka sa wa'azi ya fara kafin awa ɗaya da kwata da buɗewa.

Waƙa a gauraya. Ɗaya ko biyu daga littafin waƙoƙi na Hausa don suna ɗauke da koyarwa, sai gajerun waƙoƙi na amshi waɗanda wanda bai iya karatu ba zai kama nan take, sai a ba yare ɗaya fili kowane mako, wannan makon Kusasi mako mai zuwa Frafra haka dai, a bar su su kawo nasu kiɗan da rawar. Zaka ga dattijon da bai taɓa buɗe baki ba ya miƙe. A kula kada yare ɗaya ya mamaye komai, shugabanci da waƙa da kuɗi, don gunagunin farko a ikkilisiyar Urushalima a Ayyukan Manzanni sura 6 daga nan ya taso, masu wani harshe suka ga ana manta da gwaurayensu wajen rabo.

Mai karatun nassi a ba shi wurin tun Juma'a ya gwada, ya karanta a hankali. Shaida a tsayar da mutum biyu, minti uku-uku, kuma su gaya wa dattijo abin da za su faɗa kafin a fara, saboda wani lokaci shaida takan koma tonon asirin kishiya ko zargin wata tsohuwa da maita, wannan kuwa in ya fita ba ya komawa. Sanarwa a rubuta, mutum ɗaya ya karanta, sauran a tura a WhatsApp da saƙon murya don waɗanda ba sa karatu. Yara a fitar da su inuwa da malami biyu lokacin wa'azi, a koya musu labari ɗaya da aya ɗaya da harshen da suka fi ji.

Baƙo a gaishe shi da fara'a amma kada a tilasta masa tashi ya faɗi sunansa da unguwarsu. Kuma dan Allah a daina ɗaukar hoton jama'a ana zubawa a Facebook ba tare da tambaya ba, akwai wanda ya zo a ɓoye, danginsa ba su sani ba, hoto ɗaya zai iya raba shi da wurin kwana. Wurin zama kuma kada a ware kujera mai kyau don mai babbar riga a tura mai tsumma baya, Yaƙub sura 2 ta yi magana a kan wannan kai tsaye.

In ka tashi wa'azi, ka faɗi wurin sau biyu ka jira a buɗe, ka kalli mutane, ka fara da muryar hira. Ka faɗi maganar nan ɗaya a farko, a tsakiya, a ƙarshe, har ka sa su maimaita. Ka yi tambaya su amsa, mutanenmu sun saba da amshi. In ka ga maigadi yana gyangyaɗi kada ka kunyata shi, zuwan da ya yi ma sadaukarwa ce. Da ka kai ƙarshen takardarka ka yi addu'a ka zauna.

Kuɗi

Baiko sau ɗaya, in akwai wata bukata ta musamman sau biyu, kuma a faɗi dalilin. Baikon ranar makon da aka haifi mutum da 'yan'uwanmu na ƙabilar Akan ke yi, inda 'yan Litinin ke fita sannan 'yan Talata, yana da daɗi lokacin bikin godiya na shekara, amma in ya zama kowane mako ko aka fara kiran adadi, masu sidi ɗari su fito masu hamsin su fito, wadda ta zo da sidi biyu za ta daina zuwa. 2 Korantiyawa 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya, ba da tilas ba. Mutum biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba su ƙirga nan take, su rubuta a littafi su sa hannu, mai wa'azi kada ya taɓa. Lambar MoMo, wato ta tura kuɗi ta waya, ta coci ta zama daban da ta fasto, kuma ƙarshen kowane wata a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita. In cocinku ba reshen wata babbar ɗarika ba ne, ku yi rajista a ofishin rajistar kamfanoni don ku iya buɗe asusun banki da sunan coci, masu sa hannu uku, biyu su isa cire kuɗi.

A ware asusun taimako daban, kowa ya riƙa zuba ɗan abu kowane wata. Amfaninsa na farko da nake ba da shawara shi ne sabunta katin inshorar lafiya na gwauraye da 'yan kayayo da yara, ana yi ta waya da *929#, kuɗin kaɗan ne in aka kwatanta da kuɗin asibiti. A sa matashi ɗaya ya riƙe jerin ranakun da katin kowa zai ƙare.

Bayan an tashi da sauran mako

Ka tsaya a ƙofa ka gai da kowa da sunansa, ka lura da wanda bai zo ba, kafin dare a kira shi ko a aika wani. Ka ɗauki wa'azin a waya, murya kawai, ka tura wa waɗanda aiki ya hana. Tsakiyar mako taro ɗaya ya isa, Laraba da yamma awa ɗaya, a koma kan wurin da aka yi wa'azi a bar mutane su yi tambaya, a nan ne zaka gane abin da ya shiga da wanda bai shiga ba. Zumuntar mata a bar musu ranarsu da shugabancinsu, su ne ke riƙe da ziyarar marasa lafiya da masu jego. Ka kuma fara koya wa mutum biyu wannan shiri tun yanzu, ka ba su minti goma ran Laraba, bayan 'yan watanni ka ba su Lahadi guda, don mutanen zango matafiya ne, kai ma aiki zai iya ɗauke ka zuwa Kumasi ko Takoradi gobe.

Jibin Ubangiji da baftisma ku bi dokar ɗarikarku, a wurare da yawa sai naɗaɗɗen fasto, toh ku tsara da shi tun farkon shekara ya riƙa zuwa. Aure kuma a yi hankali, auren doka sai a wurin da gwamnati ta ba lasisi da fasto mai izini, in ɗakinku ba shi da wannan ma'aurata su je su yi rajista a hukuma ko a babban coci, ku ku yi musu addu'ar albarka, kada a ba su wata takarda da za su ɗauka ta doka ce alhali ba ita ba ce. Mutuwa ita ta fi zuwa ba shiri, kuma ita ta fi cin kuɗi, musamman in dangi suka ce sai an kai gawa gida arewa, ga kuɗin ɗakin ajiye gawa da ke ƙaruwa kullum ga na mota. Saboda haka a littafin nan da ka jera sunaye tun farko ka ƙara lambar wani ɗan'uwan kowane mutum na gida da sunan shugaban ƙabilarsu a nan Accra. Ranar da abin ya faru su za ka fara kira kafin ka sanar a coci, ku zauna da dangi, Musulmi ne ko masu bin al'ada, ku ji yadda suke so, ku faɗi abin da mamacin ya roƙa in ya bar wasiyya, a yarda a kan wanda zai yi me da nawa asusun taimako zai iya bayarwa, sannan a sa ranar.